Yatsa Biyu a Wajen Layi

Kwana uku da saukata Alƙahira na gane an cuce ni. Takardar da Alhaji Sabo ya ba ni a Kano ta ce za a ɗauke ni aikin koya wa 'yan mata badminton a wata makarantar kuɗi, ga adireshin ofis a Wustul Balad, tsakiyar birnin, hawa na huɗu. Na hau benen nan da jaka a hannu da raket a kafaɗa, sai na tarar da wani tsoho yana gyaran agogo. Ya karanta takardar, ya juya bayanta ko akwai wani abu, ya miƙo mini.

"Ma'alish, ya Madam," in ji shi. "Ke ce ta uku a bana."

Ya ba ni shayi a ɗan kofin gilashi, na sha a tsaye ina kallon motoci ta taga. Lambar Alhaji Sabo tun daga ranar ba ta sake shiga ba.

Sunana Zulai, mutuniyar Funtuwa. Shekara shida na yi ina buga wa jiharmu badminton kafin in yi aure, kuma da mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya, Nana, ban san wata sana'a da ta wuce raket da keken ɗinki ba. Keken na sayar na haɗa da filin gadona na ba Alhaji Sabo. Na bar Nana wurin Innata, na shaida wa duk unguwa cewa na tafi Masar aikin koci. Ni kuwa taurin kai gare ni, tun ina ƙarama an san ni da shi. In koma gida bayan kwana uku in ce an yi mini wayo? Na gwammace in kwana a titi. Wannan a shekarar 2012 ne, garin bai gama hucewa daga juyin juya halin da aka yi ba, ko'ina zanga-zanga, kowa ta kansa yake yi.

Ban kwana a titi ba. A jirgin ƙarƙashin ƙasa, a taragon mata, ina zaune ina zagin Alhaji Sabo a fili ba tare da na san muryata ta fito ba, sai wata dattijuwa lulluɓe da mayafi irin na Sudan ta taɓa gwiwata.

"Ya bitti, ke 'yar ina ce? Wa kike tsine wa haka da rana tsaka?"

Hajja Amna ke nan. Kakanninta daga Haɗeja suka taso da ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Hausarta irin ta tsofaffi ce, da Larabci tsamo-tsamo a ciki, irin "ya bitti" ɗin nan, wato 'yata. Ta kai ni ɗakinta a Hadayek el-Maadi, inda take haɗa turaren wuta da lalle tana sayarwa. Ba ta tambaye ni komai ba sai da na cinye kwano biyu. Wata bakwai ina kwana a tabarmarta ba aikin yi, ko sau ɗaya ba ta nuna mini a fuska na yi mata nauyi ba. In na yi kuka don Nana, sai ta ce, "Ki yi abinki, ya bitti, amma ki riƙa dakan nan kina yi, hannu ba ya kuka."

Daga nan sai kasuwar Ataba. Fataken gida mata da ke zuwa sarin abaya da takalma suna neman mai raka su, ni kuma na tsinci Larabcin kasuwa. Ina gaba suna biye, in yi ciniki, in ɗauki buhu, in sha zagin masu amalanke. Na jure wannan fiye da shekara, har lokacin dokar hana fita da kasuwa ta yi sanyi. Abin da ya kore ni wata Hajiya ce daga Funtuwa, wadda ta ƙura mini ido a gaban shagon mayafai ta ce, "Ikon Allah! Ba ke ce 'yar Inna Mairo ba, koci?" Na ce yau ranar hutuna ce, taimaka wa wata ƙawa nake yi. Buhu na kaina nake wannan ƙarya. Ban sake taka Ataba ba.

Wata maƙwabciyar Hajja Amna ce ta samo mini aikin shara da goge-goge a wani kulob na wasanni a Maadi. Ranar farko aka miƙo mini tsintsiya da bokiti, aka buɗe wata ƙofa, sai ga filayen badminton huɗu, kore shar, raga a ɗaure. Na tsaya na ce, "Ya Allah, na gode, amma ba haka muka yi da Kai ba." Sannan na yi istigfari na kama aiki. Shekara biyu ina goge gumin 'ya'yan masu kuɗi daga filayen nan, ina ganin yadda suke riƙe raket kamar muciya, bakina a rufe. Kaftin Magdi, babban kocin wurin, shi kaɗai ya san na taɓa wasa, domin ya kama ni wata rana ina gyara tsayin raga da ido. Ya auna, ya ga daidai ne, ya ce "Tamam," ya wuce.

A kakar 2015 wata Baturiya 'yar wasa mai suna Daiva ta zo kulob ɗin. Doguwa ce, siririya, gashinta kamar gemun masara, gwiwarta ta dama naɗe da bandeji. Mako biyu kafin wata gasa ta ƙasa da ƙasa da za a yi a zaurenmu ta iso, don ta fito daga wata gasar a Afirka kuma komawa gida ta dawo ya fi ƙarfinta. Ba koci, ba mai riƙe mata jaka. Ta kama fili ƙarfe bakwai na safe, lokacin da ba kowa sai ni. Tana ta buga sabis ita kaɗai, ta tsallaka ta tattara, ta dawo.

Iskar Alƙahira busasshiya ce, tana cin gashin shatul. Wannan ƙwallon gashin tsuntsu ne, in ya bushe bugu kaɗan sai ya kakkarye. Kwana biyu na ga ta zubar da rabin kwali, raina ya ƙi. A gida, da shatul ke mana wuyar samu, turara shi muke yi kamar dambu, gashin ya yi laushi ya daɗe. Na ɗauki kwalinta ba tare da na tambaya ba, na buɗe baki biyun, na kara a bakin butar shayin masu gadi har tururi ya fito ta ɗaya gefen, na rufe. Washegari ta buga awa guda da guda uku kacal. Ta zo ta same ni da bokitina, muka haɗa ɗan Turancinmu.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Talauci," na ce.

Ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta. Ta wurgo mini shatul da raket. Na ɗebe shi daga ƙasa da bakin raket ba tare da na sunkuya ba, hannuna ya tuna abin da na ɗauka ya manta. Ta ce in shiga fili. Silifa ce a ƙafata, sai na cire na buga ƙafa ba takalmi, da ɗankwali da rigar aiki. Ta cinye ni tas, amma sai da ta yi gumi. Kashegari ta zo da takalmin wasa fari, nata na biyu, ta ajiye a gabana.

"Ƙafarmu ɗaya. Ba na son abokiyar atisayena ta zame."

Abokiyar atisaye. Shekara uku a Masar ba wanda ya kira ni da wani suna da ya shafi raket. Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata.

Kullum da safe muna bugawa kafin a buɗe kulob. Da na tambaye ta ƙasarta ta ce Lituweniya, na ce a ina take, ta ce kada in damu, ko a filin jirgi sai ta yi bayani. Ƙaramar ƙasa ce mai sanyi, can saman Turai, kuma mutanenta ƙwallon kwando suka sani. Ta fara wasa tana shekara tara a zauren makaranta mai gajeren rufi, inda shatul ke bugun sama in ka ɗaga shi sosai. Babanta direban bas ne, shi ke kai ta gasa. Ta zama zakarar ƙasarta sau da yawa, amma maƙwabtanta sun ɗauka malamar motsa jiki ce kawai, kuma gaskiya ne, da wannan aikin take ci. Sau biyu tana kusa da samun gurbi a babbar gasar duniya da ake yi duk shekara huɗu, sau ɗaya maki ya gaza, sau ɗaya gwiwa ta tsage. Yanzu shekararta talatin da ɗaya. Masu kula da wasan a ƙasarsu sun gaya mata a fili: in ba ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Alƙahira ba, ɗan tallafin tafiye-tafiyen zai koma kan wata yarinya mai tasowa.

"To in kin faɗi fa?" na tambaya.

"Khalas," ta ce. Wato an gama. Kalmar Larabci ɗaya ke nan da ta iya.

Ranar Juma'a na kai ta Hadayek. Hajja Amna ta tuƙa tuwo da miyar kuka, Daiva ta zauna a tabarma da gwiwarta a miƙe, ta ci da hannu, miya na bin gwiwar hannunta. Ta fito da wani baƙin burodi mai tauri daga jaka, na ƙasarsu, wanda take ta lallaɓawa wata guda, ta yanka mana. Hajja Amna ta tauna da ƙyar ta ce da Hausa, "Baiwar Allah, da wannan suke rayuwa? Shi ya sa ba ta da nama." Sannan ta zana mata lalle a hannun hagu, ta ce na dama na aiki ne. Da za ta tafi Hajja ta ce mini, "Wannan marainiya ce irinki, ya bitti. Ki riƙe ta."

Ana gobe gasa masu duba layi suka gaza, biyu ba su zo ba. Kaftin Magdi ya tare ni a baranda.

"Ya Zulai, kin san doka, kina da ido. Yalla, ki karɓi riga."

Ya kamata in ce masa ni da Daiva mun zama abin da muka zama. Ban faɗa ba. Ina son rigar nan, ina son in zauna a kujera a gefen fili a ɗauke ni hoto in aika wa Inna. Aikin mai duba layi ba shi da yawa: layi ɗaya aka ba ka, shi za ka tsare. In shatul ya faɗa ciki, ka nuna layin da hannun dama. In ya faɗa waje, ka buɗe hannu biyu ka ɗaga murya. In ba ka gani ba, ka rufe idanunka da tafukanka, alƙalin wasa ya yanke. Uku ne kawai.

Daiva ta ci wasanta biyu na farko. Na uku shi ne wanda in ta ci ta kai inda aka ce ta kai, kuma a shi aka zaunar da ni a ƙarshen layin gefe, can nesa da kujerar alƙali. Abokiyar karawarta wata yarinya ce daga Turkiyya, shekara goma sha tara, tana tsalle kamar ba ta da ƙashi. Kowacce ta ci zagaye ɗaya. A na uku na ga Daiva ta fara jan ƙafa, amma wayo ya riƙe ta, tana sa yarinyar gudu gaba da baya. A ashirin da ɗaya ake tashi, amma sai da ratar maki biyu. Suka kai sha tara da sha tara.

Yarinyar ta ɗaga shatul gajere. Daiva ta tashi sama ta sauke shi da duk ƙarfinta, ya biyo layina kai tsaye. Na gan shi sarai, kamar yadda nake ganin hannuna yanzu. Kansa ya taɓa ƙasa yatsa biyu a wajen layi.

Ba zan ce na ruɗe ba, ƙarya ce. A cikin ƙiftawar idon nan na ga farin takalmin da ke ƙafata, na ga miyar kuka a gwiwar hannunta, na ji Hajja tana cewa ki riƙe ta. A inda na taso, wanda ya yi maka alheri ba ka kunyata shi a gaban jama'a, kara ake yi masa, ko da kai za ka cutu. Jikina ya riga tunanina. Ko idanuna ban rufe ba, wanda da ya fi sauƙi. Na miƙa hannun dama na nuna layi.

Yarinyar ta yi ƙara ta ruga wajen alƙali. Shi kuwa daga inda yake bai gani ba, ya dube ni, na ƙi sauke hannu, ya ce maki na Daiva ne. Ashirin da sha tara. Saura ɗaya.

Sai dai Daiva a kan layin nan take lokacin da ta buga, ta ga abin da na gani. Ta karɓi shatul ta tsaya tana kallona ta cikin raga. Ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne. Ta yi wa alƙali magana, ya girgiza kai, hukunci ya riga ya fita. Ta koma wurinta, ta gyara tsayuwa, ta ɗaga hannu ta nuna wa yarinyar ta shirya. Sannan ta buga sabis ɗin a hankali cikin gindin raga, inda ko mai koyo ba zai buga ba. Wasu a zauren suka fara tafi. Ashirin da ashirin.

Maki biyun da suka biyo baya ba su ɗauki minti biyu ba. Na farko ta buga waje da nisa, na biyu gwiwar ta ƙi kai ta gaban raga. Ta gaisa da yarinyar, ta gaisa da alƙali, ta ɗauki jakarta.

Kaftin Magdi bai ɗaga murya ba. Ya miƙo hannu ya ce, "Rigar." Na cire na ba shi. "Bokitinki na inda kika bar shi," in ji shi. Bokitin kuwa ɗakin canja kaya na mata zai kai ni, don nan ne aikina bayan kowane wasa. Tana zaune ita kaɗai a benci, ƙanƙara a kan gwiwa.

"Nawa ne?" ta tambaya ba ta ɗago ba.

Na nuna mata yatsa biyu.

"Haka na gani. Me ya sa?"

"Kin ba ni takalmi. Kin ci abincinmu. A wurinmu ba a yi wa mutum haka a gaban mutane."

Ta ɗago ta dube ni. "Zulai, shekara ashirin da biyu ina wannan wasa. Ba kuɗi, ba suna, ƙasata ma sai na yi bayani. Abu ɗaya nake da shi: duk makin da ke gaban sunana ni na ci shi. Shi kika so ki karɓe a ranar ƙarshe." Ta gyara ƙanƙarar. "Da kin ce waje, ana bina da ɗaya ke nan. Na sha dawowa daga nan, na san hanya. Amma bayan abin da kika yi, hannuna bai ƙara zama nawa ba."

Na sunkuya na fara kwance igiyar takalmin.

"Bar shi," ta ce. "Ba don ki biya ni na ba ki ba. Wannan ne ba ki gane ba."

A gida na zayyana wa Hajja Amna komai, ina sa ran ko ita za ta ce na yi abin da 'yar mutunci za ta yi. Ta ajiye taɓarya ta dube ni.

"Na ce ki riƙe ta, ban ce ki yi mata shaidar zur ba. Kara a kwanon abinci ake yi, ya bitti. Ita yarinyar Turkiyyar ba 'yar mutane ba ce? Ba ta da uwa?"

Wallahi sai a lokacin na tuna da yarinyar. Kunyar da na ji ta fi ta ranar da na hau hawa na huɗu, ta fi ta buhun Ataba, domin waɗancan yi mini aka yi, wannan kuwa ni na yi. A yammacin nan na kira Inna na gaya mata gaskiya, cewa shekara uku ke nan ba koci nake ba, shara nake yi. Sai ta ce, "Na daɗe da sani. Hajiya ta ga buhu a kanki. Ki dawo, Nana ta fara manta muryarki." Kafin ƙarshen shekarar na koma gida, kuma yanzu ina koya wa 'yan mata wasan a wata makarantar gwamnati, da raga ɗaya da muka ɗinke.

Amma kafin nan akwai safiyar da ta biyo bayan wasan. Na je aiki ƙarfe bakwai saura, ban yi zaton ganin kowa ba. Sai ga ta a fili na biyu, akwatinta a jingine da bango, jirginta da azahar zai tashi. Ta wurgo mini raket.

"Zagaye ɗaya," ta ce. "Ba alƙali. Kowa ya duba layin gefensa."

Muka fara. Ba ta raga mini ba, ni ma ban nemi ragi ba. Tana ɗingishi, ina haki, tsabar ƙarar takalmanmu ce kawai a zauren. Wannan shi ne wasa na ƙarshe da ta buga a wajen ƙasarta, daga baya ta rubuto mini cewa ta ajiye raket, tana koyar da yara a zauren nan mai gajeren rufi. Can wajen tsakiyar zagayen na ɗaga mata shatul gajere, ta tashi ta sauke shi ta gefen damata. Ya wuce ni ya faɗi kusa da layi, ɗan kaɗan a waje. Ta sauke raket ta tsaya tana jirana.

Na buɗe hannu biyu.

"Waje," na ce.

Ta gyaɗa kai, ta koma baya ta gyara tsayuwa.

"Sabis naki ne."